Haladu Bakanike da Ruwan Zafin da Ya Koma Shuni

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da in mutum ya hau jirgin sama ya dawo, sai unguwa ta yi mako tana zuwa yi masa barka. Ku matso, ku saurara. Na bakin ƙofa, ku shigo, akwai wuri.

Sunansa Haladu, bakanike ne. Ba shi da gareji nasa, a ƙarƙashin wata darbejiya yake aiki. Amma Allah ya ba shi kunne. In aka tayar da mota, kafin a buɗe bonet ya gaya maka abin da ke damunta. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, siriri, ba ya da yawan magana, in ya yi dariya ma sai ya rufe baki da hannu.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Badamasi, mai sayar da injinan mota. Shi kuwa Allah ya ba shi kuɗi da murya, amma bai ba shi kunnen ba. Inji mai lafiya da injin da ya mutu duk ɗaya ne a wurinsa. Da ya tashi zuwa ƙasar Japan sayo kaya da kansa, sai ya ɗauki Haladu don ya riƙa saurara masa.

Suka sauka a daidai lokacin da mutanen ƙasar ke hutun sabuwar shekararsu. Kamfani a rufe, sai bayan mako guda. Dillalin da ya tarbe su ya rasa inda zai ajiye su, sai ya sa su a jirgin ƙasa, ya tura su wani ƙauye can cikin duwatsu, inda gwaggonsa ke da ɗan masaukin baƙi.

Masaukin na katako ne, ɗakuna huɗu, ƙanƙara ta lulluɓe rufinsa fari fat. Mai shi wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, sunanta Tokiko. Haladu ya gwada sunan sau biyu, harshensa ya ƙi, sai ya riƙa ce mata Iya. Mijinta kuma tsoho ne tukuf, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, Haladu na ce masa Baba. Ba sa jin Hausa, su Haladu ba sa jin yarensu. Alhaji ya ce yana jin Turanci, amma da ya yi wa Iya, sai ta duƙa ta kawo masa ruwan sha.

Tun daga bakin ƙofa Alhaji ya fara faɗa. Aka ce ya cire takalmi, aka ba shi silifa. Ya isa ƙofar ɗaki, aka ce ya cire silifan. Ya je ban ɗaki, ya tarar da wasu silifan dabam suna jiransa. Ya fito da su har wurin cin abinci, Iya ta dafe ƙirji kamar ta ga maciji.

Ya ce, "Haladu, wace irin ƙasa ce wannan? Mutum ɗaya, ƙafa biyu, takalmi iri uku!"

Da ya leƙa ɗakin kwana kuwa, ba gado, ba kujera, tabarma ce shimfiɗe bango zuwa bango, da katifa a ƙasa.

"Na ƙetare teku bakwai in zo in kwana a tabarma?"

Haladu ya shafa tabarmar, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, ai ni kamar a ɗakin mahaifiyata nake. Wannan saƙa ma ta fi tamu laushi."

To, abin da ke kawo mutane gidan nan ba ɗakunan ba ne. A bayan gida akwai idon ruwa mai ɓuɓɓugowa daga cikin dutse da zafinsa. Waɗanda suka je Yankari sun san Wikki. To irinsa ne, sai dai wannan ya fi zafi nesa ba kusa ba, yana kuma warin farar wuta. An gina masa kududdufi da fararen duwatsu, an kewaye shi da katako, ruwan na gangarowa ta cikin gora. Ƙanƙara na zuba a kanka, kai kuwa kana zaune cikin ruwan ɗumi har wuya.

Su mutanen can, al'adarsu, maza kan shiga tare ba ko ɗan kamfai. E, na ji ku. Ku daina dariya, a masallaci muke. Ran da Haladu ya fara leƙawa ya ga dattawan ƙauye uku a haka, sai ya yi salati, ya fito da baya da baya har ya buge da ginshiƙi. Iya ta gane. Ta samo wani ɗan allo ta nuna masa: in ya rataye shi a ƙofa, ba mai shiga sai ya fito. Shi ke nan, ya tsare mutuncinsa, bai kuma zagi kowa ba.

Amma a leƙawar nan guda ya lura da wani abu. Kowa sai ya zauna a waje, ya cuɗe jikinsa da sabulu, ya ɗauraye tas, sannan ya shiga. Ko kumfa ɗaya ba a bari ta taɓa ruwan. Ya kuma lura kullum da hantsi Iya kan tallabo Baba, taku ɗaya hutu ɗaya, ta kai shi cikin ruwan. Tsohon kan shiga yana nishi, ya fito fuskarsa a sake. Ran da bai shiga ba, jikin ya sandare ke nan.

Haladu ba ya iya zama haka kawai. Kwana biyu ya zama ɗan gida: ya kwashe ƙanƙarar ƙofa, ya faskara itace, ya gyara wa Iya wata tsohuwar keken ɗinki. Ita kuma in ta zuba shinkafa, tasa ce mai tozo.

Ku saurara, ga inda jarrabawa ta shigo.

Alhaji yana da wata babbar riga ta shuni, rinin gargajiya, wadda aka buga har tana ɗaukar ido. Ita ya tanada don ranar ganawa da masu kamfani. Ran nan ya saka ta don Iya ta san ko wane ne ya sauka a gidanta, ya zauna cin abinci. Su kuwa mutanen can da tsinke biyu suke ci. Ya daɗe yana kokawa da wani yankin kifi, kifin ya kuɓuce, ya faɗa cikin miya, miyar ta yi tsalle ta sauka a kan aikin rigar.

Washegari da safe ya ce, "Haladu, ɗauki rigar nan da garin sabulu, ka je ka wanke ta a ruwan zafin can. Ga ruwa a banza, ba itace, ba kananzir."

Haladu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ruwan nan ba a sa masa sabulu. Bari in ɗebo a bokiti in wanke maka a gefe."

"Bokiti? Rigar nan za ta shiga bokitinsu? Ko hannunta ɗaya ba zai ɗauka ba."

"Sai in wanke wurin miyar kaɗai."

"Kai, ka taɓa fita ƙasar waje? Ni na je Makka sau bakwai. Za ka koya mini zaman duniya?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma a cikin ruwan can dai ba zan iya ba."

Alhaji ya yi tsaki. Haladu ya ɗauka magana ta ƙare, ya fita faskare.

Bai yi rabin itacen ba ya ji ihu. Ya yar da gatari ya ruga. Ya tarar da Iya tsaye a bakin kududdufi, ta tallabo Baba, su biyun sun ƙame.

Jama'a, ruwan nan ya koma shuni. Shuɗi shar, kamar an ɗauko karofi daga marina an dasa a Japan. Kumfa ta yi tudu har gwiwa, tana tafiya a hankali kamar garken tumaki. Fararen duwatsun nan da kakannin Baba suka jera, duk sun rine. Ga riga can an shanya ta a kan shinge tana ɗiga.

Alhaji na tsaye daga gefe cikin doguwar rigar da masaukin ke ba baƙi, ya cusa hannuwansa biyu cikin hannayen rigar, wai sanyi yake ji. Iya ta dubi rigar shuni, ta dubi Alhaji. Shi kuwa sai ya girgiza kai irin na mai takaici, ya nuna Haladu da haɓa.

Ya ce a hankali, ba tare da ya motsa leɓe sosai ba, "Ka ce kai ne."

Haladu ya ce, "Ba ni ba ne, Alhaji."

"Na sani! Ka ce kai ne. Kai ba wanda ya san ka. Ni kuwa in dillalin nan ya ji, cinikina ya lalace."

"Ba zan ce ni ne ba, don ƙarya ce."

"To za ka tona ni ke nan? Ka tuna fasfo ɗinka da tikitinka suna cikin jakata. In na ga dama, a nan za ka tsufa kana cin ɗanyen kifi."

Haladu ya tuna matarsa da 'ya'yansa shida. Ya tsorata, ba zan ɓoye muku ba, don mutum ne kamar ni da ku. Amma ya ce, "Ba zan tona ka ba, Alhaji. Ƙaryar ce dai ba zan yi ba."

Ya juya wajen Iya. Abin da ya gani a fuskarta ya fi barazanar Alhaji ciwo. Matar da jiya take cika masa kwano, yau ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juya da mijinta, taku ɗaya hutu ɗaya, tsohon yana nishi, suka koma cikin gida.

Ku gaya mini, da ɗayanku ne, me zai yi? Na san ku. Da sai ƙauyen ya taru. Da an rantse da abin da ba a tambaya ba, an fizgo hannun Alhaji an nuna wa duniya.

Haladu ya naɗe wando. Ya lalubo toshiyar katako a gindin kududdufin ya zare, ya karkatar da gorar da ke kawo ruwa, ya samo buroshi, ya durƙusa. Ku lura da kyau: bai ce shi ya ɓata ba. Cewa ya yi, da aikinsa, shi zai wanke.

Da ruwan zafin ya tsiyaye, sai sanyi ya ce ga ni nan. Yatsunsa suka ƙage. Dutse ɗaya sai ya cuɗa shi sau goma kafin farinsa ya leƙo, ga duwatsu sun fi ɗari uku. Yana cuɗawa yana istigfari, yana cuɗawa yana jin nishin Baba ta bangon katako.

Da rana ta take, Iya ta zo ta yi masa nuni ya zo ya ci abinci. Ba ta dube shi ba. Laifi dabam, haƙƙin baƙo dabam, haka take.

To, al'adar gidan, kafin a ci abinci sai a miƙa wa kowa ɗan farin tawul mai ɗumi ya goge hannu. Iya ta durƙusa gaban Alhaji, ta miƙa masa da hannu biyu. Alhaji na zaune, hannuwa cikin riga tun safe.

Ya ce, "Haladu, gaya mata azumi nake."

"Alhaji, ka karya da ƙwai uku a gabanta."

"To ka ce ba na jin yunwa."

Bai rufe baki ba, cikinsa ya yi wata ƙara kamar an tayar da tsohuwar tifa. Ga gasasshen kifi yana ƙamshi a gabansa.

Haladu, bawan Allah, har a nan ya so ya rufe shi. Ya miƙa hannu zai karɓi tawul ɗin biyu. Iya ta janye na Alhaji, ta sake miƙa wa mai shi. Ta zauna a haka, kai a sunkuye, hannu a miƙe. Mutanen nan in suka durƙusa suna jiranka, sai ka ji da ma dukanka suka yi.

Alhaji ya yi gumi cikin sanyin nan. Ya gwada kamawa da bakin riga, tawul ya faɗi. Ta ɗauka, ta ninke, ta sake miƙa masa. A ƙarshe dai ya zaro hannuwa.

Shuɗi har gwiwar hannu. Tafin hannu shuɗi, farce shuɗi, har zobensa ya rine. Ya taɓa tawul, yatsunsa biyar suka fito a jiki raɗau.

Iya ta daɗe tana duban hannun. Na Haladu ma sun yi shuɗi, amma shi ta san inda ya wuni. Shi wannan fa, da ko kusa da buroshi bai je ba? Ta miƙe ta fita. Alhaji ya ce, "Shi ke nan, 'yan sanda za ta kira." Jim kaɗan ta dawo da faranti, ta ajiye a gabansa cikin ladabi, ta duƙa. A kan farantin akwai kofin shayi, kusa da shi kuma buroshi.

Wallahi haka aka yi. Alhaji Badamasi mai shaguna tara ya naɗe riga ya shiga kududdufi. Taku biyu ya yi, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin sauran ruwan shuni. Haladu ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya harare shi, ya dubi kansa, sai shi ma dariyar ta ƙwace masa.

Suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa suna cuɗa. Can Alhaji ya ce, "Haladu, me ya hana ka gaya mata tun da safe?"

"Da wane yare, Alhaji?"

"Kar ka raina mini hankali. Yatsa kawai za ka nuna."

Haladu ya ci gaba da cuɗa. Ya ce, "Na yi tunanin haka. Sai na ga in na nuna ka, kai ka ji kunya, ita ta ji haushi, Baba kuma yana nan kwance yana nishi, ruwa yana nan shuɗi. Tsohon nan ba mai laifi yake nema ba, wanka yake so."

Alhaji ya ajiye buroshi. Sannan ya ce, "Maganar fasfo ɗin nan..."

"Na yafe, Alhaji. Ga wani dutse can a bayanka, ka tsallake shi."

Kwana biyu suka yi a kai. Gadon bayan Alhaji ya ƙage, ya riƙa sallah a zaune. Rana ta uku da hantsi ruwa ya cika, garau, kana hango tsakuwar ƙasa. Jikin Baba ya riga ya sandare, ba ya iya ko taku ɗaya. Haladu ya durƙusa ya goya shi kamar jariri, Alhaji na biye da tawul, aka kai shi bakin ruwa. Da ɗumin ya ratsa shi, tsohon ya lumshe ido, ya ja wani dogon numfashi, hawaye na bin kuncinsa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama yatsun Haladu, ya ƙi saki.

Da suka fito, Iya ta tare Haladu a baranda. Ta zube, ta kai goshinta har ƙasa.

Haladu ya ruɗe. "Subhanallahi! Iya, tashi! Ba a yi wa mutum haka!"

Ya tsuguna don ya ɗaga ta. Ta ga ya tsuguna, ta ƙara yin ƙasa. Shi ma ya ƙara. Tana ƙasa, yana ƙasa, har suka kusa kwanciya rub da ciki a kan katako. Sai da Alhaji ya ce, "Ku tashi haka nan, kafin ku haƙa rijiya."

Na ga idanunku. Kuna jira in ce tsohon nan ashe sarki ne, ya ba Haladu akwatin zinariya. Babu. Ran tafiya Iya ta ba shi tulu guda na wasu 'ya'yan itace da ta jiƙa da gishiri. Ya ɗanɗana ɗaya a jirgin ƙasa, tsami ya rufe masa ido har tasha biyu. Ya ce, "Alhamdulillahi, abin da take da shi ke nan."

Alhaji kuwa ya je gaban masu kamfani da shuɗin hannu, don shunin bai fita ba. Suka tambaya ta bakin dillali. Ya buɗe baki zai ƙirƙiro wani abu, ya waiwaya ya ga Haladu, sai ya faɗi gaskiya tun daga kifi har buroshi. Suka yi dariya har da hawaye, aka yi ciniki lafiya. Da suka dawo gida, shi da bakinsa ya riƙa ba da labarin a majalisa. Daga bakinsa mahaifina ya ji, ni kuma na ji daga mahaifina.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Bawan Allah nan an matse shi tsakanin abu biyu: ya yi ƙarya ya tsira, ko ya tona asirin ɗan'uwansa ya wanke kansa. Ya ƙi duka biyun. Ya riƙe gaskiya, ya rufa asiri, ya haƙura da kallon banza daga wadda yake girmamawa, ya kama gyaran ɓarnar da ba shi ya yi ba, don akwai mai rauni da ke cutuwa. Duk a garin da ba mai saninsa, ba mai jin yarensa balle ya yaba masa. Allah kaɗai ke gani, ya kuwa ishe shi.

Mu fa? In abu ya lalace a gida, a kasuwa, a wurin aiki, tambayarmu ɗaya ce: wa ya yi? Mu kwana muna bincike, mu tashi muna nuna yatsa, ɓarnar tana nan tana jiranmu.

Ba sai mun je Japan ba. Makwararar wurin alwalar masallacin nan mako uku ke nan da toshewa. Dattawanmu suna tattare riga suna tsallake ruwa, shekaranjiya Malam Isiyaku ya kusa karya ƙugu. Mutum goma sha ɗaya sun same ni a kan maganar, kowanne ya zo mini da sunan wanda yake zargi. Ko ɗaya bai tambaye ni inda shebur yake ba.

Yana bayan ƙofar ɗakin ladan, tare da tsintsiya biyu. Allah ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Ku tashi mu je, ni zan riƙe bokiti.